Allon Lantarki Da Kuɗin Littafin 'Ya'yanmu

Jawabin Sakataren Tsare-tsare na jam'iyyarmu ga manoma da iyayen yara. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.



 Ni ɗanku ne, ba ni da shekarun da zan tsaya gabanku in ce zan koya muku zaman duniya. Saƙo ne jam'iyya ta ba ni, shi zan isar. Ina roƙonku ku saurara har ƙarshe, sa'an nan kowa ya auna maganar da hankalinsa.

Maganar yau ta littafin makaranta ce da kuɗinsa. Zaɓe ya matso, 'yan takara sun fara zagaya ƙauyuka, kuma cikin alkawuran da ake yayi yanzu akwai wani mai daɗin ji: wai za a ba kowane ɗan makaranta kwamfutar hannu, yaro ya huta da ɗaukar jakar littattafai, uba ya huta da saye. Jam'iyyarmu ba ta gaba da wannan na'ura, tana ma cikin shirinmu. Amma muna so ku san yadda take aiki, da inda ta yi amfani, da inda ta cinye dukiyar jama'a a banza, domin kada a yi muku cinikin biri a sama.

NAUYIN DA KE KAN MAIGIDA

Ana komawa makaranta cikin watan Satumba, daidai lokacin da tsohon hatsi ya ƙare a rumbu, sabo kuma bai gama shigowa gida ba. Ran nan yaro zai shigo da 'yar takarda an jera sunayen littattafai: na Turanci, na lissafi, na kimiyya, na Hausa, na addini. Mai 'ya'ya biyar a makaranta, takarda biyar ke nan. In akwai akuya a gida sai a ja ta zuwa kasuwa, galibi ma ta uwargida ce. In babu, sai a zaɓi wanda za a saya wa, sauran su yi haƙuri. Kowa a nan ya san wadda ake fara ce wa ta yi haƙuri, 'ya mace ce. Daga rashin littafi sai rashin gane karatu, daga nan sai a ce ai ba ta da ƙwaƙwalwa, a ɗora mata farantin talla.

Na riƙe alli a makarantar firamare kafin in shigo wannan aiki. Na ga ajin da yara suka cika shi har bakin ƙofa, littafin karatu guda ɗaya ne, shi ma a hannun malami yake. Malami ya kwafe shafi a allon bango, yara su kwafe daga allo, kafin a gama an kaɗa ƙararrawa. Yaro ya yi shekara shida a haka, ya fito bai taɓa buɗe littafi da hannunsa ya karanta labari ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba.

Alhali kuwa doka ba haka ta ce ba. Cikin watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. A 1999 aka sabunta shi a Sakkwato da sunan UBE, a 2004 kuma Majalisar Tarayya ta mai da shi doka. Dokar ta ce karatun shekara tara, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Ta lissafa abubuwan da za a bayar ba da ko kwabo ba: littattafai, kayan koyarwa, ɗakin karatu, kujeru da abincin rana. Ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun Gwamnatin Tarayya domin wannan aiki, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta kafin ta ɗauka. Shekara da shekaru hukumar UBEC tana kukan cewa biliyoyin Naira na nan kwance a asusu, jihohi sun ƙi kawo nasu kason su ɗauka. To kun ji, iyayena. Akuyar da kuka sayar, bashin gwamnati kuka biya da ita.

ME YA SA LITTAFI YA YI TSADA?

Dalili na farko takarda ce. Ƙasar nan ta taɓa gina manyan masana'antun takarda guda uku, ɗaya a Jebba, ɗaya a Iwopin cikin jihar Ogun, ɗaya a Oku Iboku cikin jihar Akwa Ibom. Duka ukun sun durƙushe cikin shekarun 1990, daga baya aka sayar da su ga 'yan kasuwa. Mafi yawan farar takardar da ake buga littafi da ita daga ƙasashen waje ake sayo ta, da dalar Amurka. A farkon 2023 dala ɗaya wajen Naira 460 ce a farashin gwamnati. Cikin watan Yuni na wannan shekara aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 dala ta wuce Naira 1,500. Littafin bai ƙara shafi ko ɗaya ba, amma kuɗin takardarsa ya bi dala.

Dalili na biyu nisan hanya da yawan hannuwa. Manyan kamfanonin buga littattafan makaranta yawancinsu a Ibadan da Ikko suke. Daga can a loda a mota zuwa wurin babban dila a birni, daga shi zuwa mai kanti, daga mai kanti zuwa mai tebur a kasuwar ƙauye, kowa ya ɗora ribarsa. Kuɗin mota kuwa kun san yadda ya koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023.

Dalili na uku dabara ce kawai. A da, littafin da wa ya karanta shi ƙane ke gada, a naɗe shi da takardar buhun siminti ya yi shekaru. Yanzu ana buga littafi da gurabun da yaro zai cike da biro a ciki, da ya gama aji littafin ya mutu. Ko kuma a canja bango, a juya shafi biyu, a ce sabon bugu ne, na bara ba ya aiki. Abin ya kai har gwamnatin jihar Imo, cikin watan Agusta na 2025, ta hana makarantu canja littafi kowace shekara, ta ce littafi ya yi shekara huɗu ana amfani da shi.

MENE NE WANNAN ALLO?

A kasuwar waya ana ce masa tabilet. Ni zan kira shi allon lantarki, domin da allonmu na makarantar allo ya yi kama. Yaro ya rubuta, ya karanta, ya wanke, ya sake rubuta na gaba, allo ɗaya ya kai shi daga babbaƙu har sauka. Shi ma wannan fuska ɗaya gare shi, karatu ne ke sauyawa a kanta.

Iri biyu ne. Akwai mai kama da babbar wayar hannu, yana nuna hoto mai launi, yana magana, yana nuna bidiyo, amma batirinsa da ƙyar ya wuce yini guda. Akwai kuma na karatu zalla, fuskarsa kamar takarda, fari da baƙi, ana iya karanta shi a tsakiyar rana, caji ɗaya kuma ya kai makonni. Wanda ya fi suna cikin irin wannan shi ne Kindle, na kamfanin Amazon, wanda ya fito a 2007. Kowanne cikinsu na iya ɗaukar littattafai dubbai.

Ga inda arahar take. Kun san yadda ake zuwa wurin mai cajin waya ranar kasuwa a tura wa mutum wa'azi ko waƙa a memori. Wanda ya tura bai rasa nasa ba, kuma ko mutum ɗari ya tura wa, ba a ƙara sayen komai ba. Haka littafin da ke cikin allon lantarki yake. Na takarda, kowane kwafi sai an sayi takarda da tawada an biya mota. Na lantarki, in an gama rubuta na farko, na biyu da na miliyan ba su cin takarda ko ƙwaya ɗaya.

Ga kuma inda tsadar take. Allon katako masassaƙin garinku ne ya sassaƙa shi, tawada da gawayi da ƙaro aka haɗa ta, alƙalami daga gamba aka fere shi. In ya karye, kasuwa mai zuwa an sami wani. Allon lantarki kuwa daga waje ake sayo shi da dala, dalar nan dai da ta sa takarda tsada. Gilashinsa na fashewa. Batirinsa ba ya son zafi, kuma kun san zafin bazararmu. Bayan shekara uku ko huɗu ya fara gajiya. Yana bukatar wuta, alhali Bankin Duniya ya ce a 2021 mutum miliyan 85 a Nijeriya ba su da wutar lantarki ta layi, yawancinsu kuwa mu ne mutanen karkara.

Saboda haka lissafin mai sauƙi ne, duk wanda ya taɓa sayen jaki ko babur ya iya shi. A haɗa kuɗin allo da na gyara da na caji da na abin da ke ciki, a raba da shekarun da zai yi yana aiki. A ɗauki kuɗin littattafan takarda, a raba da shekarun da za su yi ana gadonsu. Ɗan aji ɗaya na firamare, wanda littafi huɗu ko biyar marasa kauri suka ishe shi, takarda ta fi masa araha nesa ba kusa ba. Ɗan babbar sakandare mai darussa takwas ko tara, kowane darasi da babban littafinsa da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, a wurinsa ne allon lantarki zai iya fin araha.

ABIN DA YA FARU A INDA AKA GWADA

Gani ya kori ji. Wasu sun riga mu shiga wannan ruwa, ya kamata mu tambaye su zurfinsa.

Mu fara da gida. A 2005 wani shehun malami na Amurka mai suna Nicholas Negroponte ya fito da shirin ba kowane yaro na ƙasashe matalauta 'yar kwamfuta ta dala 100. Da aka ƙera ta, kuɗinta ya kusan ninka haka. An sa sunan Nijeriya cikin ƙasashen farko da za su sayi miliyan guda, cinikin bai tabbata ba. An dai gwada a makarantar firamare ta Galadima, kusa da Abuja, a 2007, kuma cikin wannan shekara jaridu suka ba da labarin yaran sun shiga wuraren banza a intanet da ita, sai da aka sa mata abin tacewa. Ƙasar Peru, can Kudancin Amurka, ta sayi irin wannan kwamfuta fiye da 800,000. A 2012 aka fito da sakamakon binciken da aka yi a makarantun ƙauye 319 na ƙasar: bayan wata 15 yara sun iya sarrafa na'urar, amma lissafinsu da karatunsu ba su ɗara na yaran da ba a ba su ba.

A 2013 gwamnatin jihar Osun, zamanin Gwamna Rauf Aregbesola, ta fito da nata, mai suna Opon Imo, watau allon ilmi da Yarabanci. An zuba masa littattafan darussa 17 da tsofaffin tambayoyin jarrabawa fiye da 40,000, kuma yana aiki ba tare da intanet ba. Wannan dabara ce mai kyau, a yaba musu. An yi niyyar raba guda 150,000 ga 'yan babbar sakandare, gwamnatin ta ce zai rage mata Naira biliyan 8.4 na kuɗin littattafai kowace shekara. Waɗanda suka kai hannun yara ba su kai wannan adadi ba, kuɗi ya yi wa jihar ƙaranci, shirin bai ɗore yadda aka zana shi ba.

A Gana wata ƙungiya mai suna Worldreader ta raba wa 'yan makaranta allon karatu na Kindle a 2010. Yaran da ba su da littafi ko ɗaya a gida suka wayi gari da littattafai masu yawa a hannu, karatun 'yan firamare kuma ya ƙaru. Amma cikin shekarar gwajin wajen kashi 40 cikin 100 na allunan suka lalace, yawanci gilashi ne ya fashe. Yaro yaro ne ko a ina.

Labarin da ya fi koya mana hankali na ƙasar Kenya ne. A zaɓen 2013 Uhuru Kenyatta ya yi alkawarin kwamfuta ga kowane ɗan aji ɗaya. Ya ci zaɓe, aka yi ta rigimar kwangila har kotu, sai a 2016 aka fara rabo, aka raba alluna fiye da miliyan guda. An kai wuta makarantu da yawa saboda shirin, wannan riba ce. Amma malamai da yawa ba su sami isasshen horo ba, alluna suka kwanta a kabad, wasu aka sace. A 2019 gwamnatin ta canja shawara, ta koma maganar gina ɗakin kwamfuta a kowace makaranta. A wannan ƙasa dai, a 2018, gwamnati ta daina bin ta hannun dillalai, ta sayi littattafan takarda kimanin miliyan 33 kai tsaye daga masu bugawa, aka kai su makarantu. Farashi ya faɗi warwas, yara suka sami littafi kowa da nasa. Har wa yau a Kenya, a yankin Kisumu, an yi gwaji a 2013: wasu makarantu aka ba yara allon karatu, wasu aka ba malamai allo, wasu kuma jami'in da ke zagayawa yana duba malamai shi kaɗai aka ba, dukkansu kuma an ba su littattafan takarda da horo. Karatun yara ya ƙaru a duka ukun kusan daidai wa daida, amma na ba kowane yaro allo ya fi sauran cin kuɗi ninkin ba ninkin.

Akwai inda abin ya zauna da gindinsa. Ƙasar Uruguay ta fara a 2007, kafin ƙarshen 2009 kowane ɗan firamaren gwamnati ya sami tasa kwamfutar. Sun kafa hukuma ta dindindin mai kula da gyara da horon malamai da kai intanet makarantu, gwamnatoci suka sauya ba a rushe ta ba. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, yaransu suka ci gaba da karatu daga gida. Sai dai ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan huɗu ba, kuma kusan kowane gida da wuta. Ita kuwa Suwidin, ƙasar Turai mai arziki wadda ta cika azuzuwa da alluna, a 2023 gwamnatinta ta ware maƙudan kuɗi domin mayar da littafin takarda hannun ƙananan yara.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk inda aka fara da sayen na'ura aka bar malami da wuta da gyara a baya, ɗan kwangila ne ya ci riba.

WANE NE MAI LITTAFIN DA KE CIKI?

Wannan ita ce tambayar da masu alkawari ba su so a yi musu, ita ce kuma gindin maganata. Littafin takarda in ka saya ya zama naka, ka ba ƙanenka, ka ara wa maƙwabci. Littafin lantarki na kamfani yawanci haya ce. Ana kulle shi da lasisi, a ce na yaro ɗaya ne, na shekara ɗaya, in wa'adi ya cika ba a sake biya ba ya rufe. A 2009 kamfanin Amazon ya shiga allunan mutane daga nesa ya goge wasu littattafai na marubuci George Orwell waɗanda mutanen suka riga suka biya kuɗinsu, ya mayar musu da kuɗin, daga baya ya nemi gafara. Mai allo na barci aka ɗauke littafi daga hannunsa. Zanen aro ba ya rufe katara.

In gwamnati ta sayi allo da dala, sa'an nan ta riƙa biyan hayar abin da ke ciki kowace shekara a kan kowane yaro, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Arahar da na gaya muku ba ta samuwa sai in littafin mallakar jama'a ne. Watau gwamnati ta biya marubuci haƙƙinsa cikakke sau ɗaya, da daraja, sa'an nan littafin ya zama na kowa: mai injin bugawa a Zariya ko Kano ya buga, malami ya kwafa, mai caji ya tura a waya, ba wanda ya yi sata. A Indiya hukumar tsara littattafan makaranta ta ƙasa, NCERT, ta ɗora littattafanta kyauta, tun 2015 duk mai waya na iya saukar da su.

Mu ma ba baƙin wannan aiki ba ne. A Zariya hukuma ta ɗauki Malam Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce cikin shekarun 1930 domin 'yan makaranta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, zamanin Yaƙi da Jahilci kuma aka buga 'yan littattafai masu araha suka shiga ƙauyuka. A 'yan shekarun baya an rubuta littattafan koyon karatu da Hausa masu suna Mu Karanta domin makarantun jihohin Bauchi da Sakkwato. Masu rubutu muna da su a kwalejojin horon malamai da jami'o'inmu, abin da ya rage gwamnati mai niyya.

Kada kuma wani ya ce to a bar na'urar gaba ɗaya. Ba zai yiwu ba. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a kan kwamfuta ake yin ta, a 2024 kuma hukumar WAEC ta fara yin tata a kan kwamfuta ga masu zana ta daga waje. Ɗan ƙauye ya yi karatunsa tsaf, ya hau mota zuwa birni, ranar jarrabawa ita ce ranar farko da hannunsa ya taɓa kwamfuta, yana neman inda zai danna lokaci na tafiya. Ɗan birni da bai fi shi ƙwaƙwalwa ba ya wuce shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA JAM'IYYARMU ZA TA YI

In Allah ya ba ɗan takararmu na gwamna da 'yan takararmu na majalisa nasara da ƙuri'unku, ga tsarin da muka ɗauka, bi da bi.

Na ɗaya. A kasafin kuɗi na farko za a ajiye kason jiha a ɗauko kuɗin UBE. Kowane ɗan firamare zai sami littafin takarda na Hausa, da na Turanci, da na lissafi, da na kimiyya, a hannunsa, ya je da shi gida.

Na biyu. Za a sayi littattafan kai tsaye daga masu bugawa, a yi takarar farashi a fili, a faɗi kuɗin kowane littafi a rediyo. Littafi zai yi shekara huɗu ba a canja shi ba. Aikin rubutu a littafin rubutu za a yi shi, domin ƙane ya gaji na wa.

Na uku. Jiha za ta ɗauki malamanmu su rubuta littattafai, ta biya su, haƙƙin mallaka ya zama na jama'ar jiha. Kowane littafi zai fito a takarda, ya kuma fito a siffar da za a iya turawa a waya kyauta.

Na huɗu. Allon lantarki na farko hannun malami zai shiga, da darussa a ciki, bayan an horar da shi. Malamin da ke bin bashin albashi ba allo ne damuwarsa ba, saboda haka albashi a kan kari yana cikin wannan alkawari. Ba za a kai allo makarantar da ba a riga an kafa mata faifan sola ba.

Na biyar. A manyan makarantun sakandare za a buɗe ɗakin alluna, yara su riƙa shiga aji aji, maza da mata daidai. Allunan za su yi aiki ba tare da sayen data ba, a kulle su daga wuraren banza, a zuba musu littattafai da tambayoyin gwaji. Za a fara da makarantu kaɗan a kowace ƙaramar hukuma, a gwada yara kafin a fara, a sake gwada su bayan shekara, a faɗa muku sakamako. In ya yi amfani a faɗaɗa, in bai yi ba a tsaya.

Na shida. Duk kwangilar allo za ta ƙunshi kayan gyara da horar da samarinmu. Yaran da suka koyi gyaran waya a kasuwar Fam Santa ta Kano da irinta sun iya canja gilashi da batir, su za a ba aikin a kowace ƙaramar hukuma. Allon da ya fashe a hannun yaro ba da gangan ba, ba za a bi uba bashinsa ba.

Na bakwai. Kwamitin iyaye na kowace makaranta, da mata a cikinsa, shi zai ƙirga kwalayen littattafai da alluna ranar da aka sauke su, ya sa hannu. Littafin gwamnati da aka gani a teburin kasuwa, za a bi sawunsa har wanda ya fitar da shi.

KAFIN KU DANGWALA

Iyayena, duk ɗan takarar da ya zo muku da alkawarin kwamfuta, namu ne ko na wata jam'iyya, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, sa'an nan ku yi masa tambaya biyar. Ina za a yi caji? In ya fashe wa zai gyara, wa zai biya? Littafin da ke ciki namu ne ko na haya? An koya wa malami? Kafin allon ya iso, ina littafin takardar da doka ta ce a ba ɗana kyauta tun 2004? Wanda ya amsa dalla-dalla ku saurare shi. Wanda ya ce ku dai ku zaɓe shi za ku gani, romon baka ne.

Mu ma ku riƙe wannan takarda, ku adana ta a cikin adaka. In mun hau, ku fito da ita bayan shekara guda ku bi alkawuran nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, ku tare mu da su a bainar jama'a.

Ranar zaɓe za a zo muku da taliya da sabulu da turmin atamfa. Taliya kwana biyu ce, wanda aka zaɓa kuwa shekara huɗu zai yi, shekara huɗun nan ita ce tsakanin aji uku da gama firamare a rayuwar 'yarku. Kowa ya nemo katin zaɓensa tun yanzu. Maigida ya bar matan gida su fita. Samari, ban da zagi, ban da makami, ban da tare hanya, wanda ke wata jam'iyya ɗan'uwanku ne, tare za ku yi gayya da damina. Ku fita da sassafe, ku bi layi, ku dangwala wa alamar jam'iyyarmu, ku tsaya a ƙirga a gabanku.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya.